Idan Abincin Da Mai Galahanga Ya Amince Da Shi Ya Ɓace Ko Ya Sake

Gabatarwa

A gidaje da dama na ƙasar nan akwai yaro, ko kuwa baligi, wanda abincinsa duka bai wuce iri uku ko huɗu ba. Wani ba ya cin kome sai burodin gidan burodi guda da shayi. Wani sai farar shinkafa ba miya. Wani kuwa sai wani biskit mai jar takarda, ko kunun da mahaifiyarsa ta dama da hannunta. Muddin ana samun wannan abinci, gida yana zaune lafiya. Amma ranar da kamfani ya daina yin sa, ko ya sake masa ɗanɗano, ko ya sauya masa kwali, sai a ga mutumin ya ture kwano, ya yini bai ci ba, ya kwana bai ci ba. Mutanen gida su ce taurin kai ne, maƙwabta su ce sangarta ce, a kawo shawara a bar shi ya ji jiki, wai yunwa maganin muguwar dahuwa.

Ga yawancin yara wannan karin magana yana da ƙamshin gaskiya. Ga mai galahanga kuwa, bin sa yana iya kai shi gadon asibiti. An shirya wannan ɗan littafi domin iyaye, da malamai, da 'yan kasuwa, da masu galahangar kansu su san dalilin wannan hali, da haɗarin da ke cikinsa, da matakan da za a bi idan abin ya auku.

Mece Ce Galahanga?

A bakin jama'a kalmar galahanga takan haɗa larurori iri-iri. A nan ana nufin wadda likitoci ke kira otizim, watau wani bambanci a yadda ƙwaƙwalwa take girma, wanda alamunsa kan bayyana tun ƙuruciya, ya kuma zauna da mutum iyakar rayuwarsa. Yana shafar magana da cuɗanya da mutane, yana sa mutum ya so abubuwa su riƙa tafiya bisa tsari guda, yana kuma sa ji da gani da sansana da ɗanɗano su zo masa da ƙarfi fiye da na sauran mutane, ko kuwa ƙasa da nasu. Wasu masu ita ba sa magana sam, suna bukatar kulawa dare da rana. Wasu kuwa sun yi karatu mai zurfi, suna aiki, suna da iyali. Ba aikin iskoki ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma sakacin uwa ya jawo ta ba.

A 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a birnin Baltimo ta Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin yara 11 da ya duba. Ya lura suna matuƙar son kome ya zauna yadda suka san shi, kuma da dama daga cikinsu sun ba da wahala wajen cin abinci tun suna jarirai. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ya nuna kusan yaro 1 cikin kowane 100 yana da wannan larura. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2013, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya gano cewa yiwuwar samun matsalar cin abinci ga yara masu galahanga ta ninka ta sauran yara wajen sau 5, kuma abin da suke samu na furotin da kalsiyam bai kai na tsaransu ba.

Dalilin Manne Wa Abinci Guda

Masu galahanga da iyalansu suna kiran irin wannan abinci amintaccen abinci, watau wanda mutum ya tabbata zai iya sa shi a baki, ya tauna, ya haɗiye, ba tare da fargaba ba. Dalilai uku ne suka fi haifar da wannan.

Na farko shi ne ƙarfin ji. Yauƙin miyar kuɓewa, da gudajin tuwo, da warin daddawa, da tsakuwa guda cikin shinkafa, abubuwa ne da sauran mutane kan kau da kai su ci gaba da ci. Ga mai galahanga suna iya zama kamar an zuba masa yashi a baki, har ya kama kakarin amai ba da son ransa ba.

Na biyu shi ne bukatar tabbas. Mangwaro na yau ya yi zaƙi, na gobe ya yi tsami. Miyar yau ta yi gishiri, ta gobe ta yi lami. Biskit da taliyar leda da madarar gwangwani kuwa kullum kamanninsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya. Shi ya sa amintaccen abinci ya fi zama na kamfani, busasshe, mai launi guda. Wannan kuwa shi ne raunin al'amarin, domin makomar abincin tana hannun kamfani, iyali ba su da iko da ita.

Na uku, wasu masu galahanga ba sa jin yunwa da ƙishirwa yadda sauran mutane ke ji. Jiki yana bukata, amma saƙon ba ya isa da wuri. Wanda yake haka yana iya kwana biyu bai ci ba, bai kuwa nemi abinci ba. A nan ne shawarar a bar shi da yunwa take rushewa.

Idan ƙin abinci ya yi tsanani har ya taɓa lafiya ko girma, likitoci suna ɗaukarsa larura ce mai zaman kanta, wadda ake taƙaita sunanta da ARFID. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita cikin kundinta a 2013, tana kuma cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022. Ba kowane mai galahanga ke da ita ba, kuma ana samun ta ga waɗanda ba su da galahanga.

Hanyoyin Da Abinci Kan Ɓace Ko Ya Sake

Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa abincin kasuwa ba ya tabbata. A watan Janairu 1987 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama, ba a ɗage hanin ba sai a 1992. A tsakanin nan burodi ya yi tsada, masu gidajen burodi da dama suka riƙa gauraya fulawa da garin wasu hatsi. A 1988 aka hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin da ke yin abin sha na malt suka koma ga dawa. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 an rufe iyakokin ƙasa na tudu, gidaje da yawa suka bar shinkafa 'yar waje suka koma 'yar gida, wadda ƙamshinta da tsawonta da yadda take nuna duk daban ne. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A irin wannan lokaci kamfani yakan rage girman kaya ko ya nemi kayan haɗi mafi araha, magidanci kuma yakan bar samfurin da ya saba saye ya koma wanda aljihunsa zai ɗauka.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. Gabanin harajin sukari da ya fara aiki a Ingila a Afrilu 2018, masu yin Lucozade da Ribena sun rage sukarin da ke ciki suka cike gurbin da wasu sinadarai masu zaƙi. A Afrilu 1985 kamfanin Coca-Cola ya sake ɗanɗanon lemonsa a Amurka; jama'a suka yi ta ƙorafi har ya dawo da na da bayan kwana 79. Idan masu zaɓin abin sha iri-iri sun ta da jijiyar wuya haka, sai a auna halin wanda abin da aka sake ɗin shi kaɗai yake iya haɗiyewa.

Sauyi yakan zo daga cikin gida ma. Mai ƙosan unguwa ta tashi. An koma wani injin niƙa, gari ya fito da tsaki-tsaki. Sabuwar masara ta shigo, tuwo ya sake ƙamshi. An bar man gyaɗa an koma wani mai, ko an sake dunƙulen miya. A gidan da mata ke karɓa-karɓar girki, hannun da ya dafa yakan sake kowane kwana biyu, yaron ya ci ranar girkin wannan, ya ƙi ranar girkin waccan, har a ɗauka uwarsa ce take zuga shi. Wani lokaci kuma abincin yana nan yadda yake, launin takardarsa kawai aka sake, amma ga mai galahanga ya riga ya zama baƙo.

Haɗarin Da Ke Ciki

Haɗari mafi gaggawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman da bazara. Mutum yana iya jure rashin abinci na ɗan lokaci, amma rashin ruwa yana kisa cikin 'yan kwanaki, ƙaramin yaro kuwa ya fi saurin galabaita.

Na biyu shi ne ƙarancin sinadaran abinci, wanda kan shigo a ɓoye. Wanda abincinsa iri huɗu ne, idan ya rasa ɗaya ya rasa rubu'in cimarsa, mai yiwuwa kuma wannan ɗayan ne yake ba shi abin da sauran ba su da shi. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, idan ya daɗe ya lalata ido. Rashin bitamin C na wata ɗaya zuwa uku yana sa dasashi ya kumbura yana zub da jini, ƙafafu su yi ciwo har yaro ya ƙi tafiya. Likitoci a ƙasashe da dama sun ba da rahoton wannan ga yara masu galahanga. Rashin sinadarin ƙarfe yana kawo ƙarancin jini, rashin kalsiyam da bitamin D yana raunana ƙashi.

A 2019 likitoci a birnin Biristol na Ingila sun ba da rahoton wani matashi mai larurar ARFID wanda ya yi shekaru bai ci kome ba sai soyayyen dankali, da farin burodi, da ɗan naman kamfani. Yana da shekara 14 ya fara kukan gajiya, kafin ya wuce 17 ya rasa yawancin ganinsa, bai kuwa dawo ba. Abin lura shi ne jikinsa bai rame ba. Saboda haka ƙiba ko kyan jiki ba shaida ba ce ta cewa yaro yana samun abin da yake bukata.

Akwai kuma damuwar zuci. Mai galahanga yakan shiga fargaba da baƙin ciki na gaske, ya kasa barci, ya yi ta kuka, ko ya birkice, ko ya yi shiru ya janye daga mutane. Wanda ba ya magana ba shi da wata hanyar faɗin abin da ke damunsa sai wannan.

Matakan Kwanakin Farko

1. A fara da ruwa. A tabbata yana sha, a kofin da ya saba, da sanyin da ya saba. Idan ya ƙi ruwa a gwada duk wani abin sha da yake karɓa.

2. A duba lafiyarsa. Ciwon haƙori, da gyambon baki, da ciwon maƙogwaro, da taurin bayan gida, da zazzaɓi duk suna sa ƙin abinci. Kada a ɗora kome a kan sauyin abinci sai an tabbata babu ɗaya daga cikin waɗannan.

3. A ƙara masa sauran abincin da ya amince da su, ko da ba su ne mafi gina jiki ba. Wannan lokaci na tsare rai ne. Gyaran cima yana zuwa daga baya.

4. A gano ainihin abin da ya sake. A ajiye tsohon kwali da sabo a gwada su. Doka ta wajabta a rubuta kayan haɗi a jikin abincin da aka ƙunshe, kuma ana jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan jerin ya sake, haɗin ya sake. Idan jerin yana nan, wataƙila kwali ne kawai, ko girma, ko siffa.

5. A nemi ragowar tsohon samfurin. Kantunan ƙauye da na bayan gari sukan daɗe da tsohon kaya. A tambayi manyan diloli, a sanar da dangi a wasu garuruwa. A duba ranar lalacewa da lambar rajistar hukumar NAFDAC, domin kayan da ya yi wuya shi 'yan jabu suka fi kwaikwayo. A adana a wuri mai sanyi, busasshe, a kuma ƙidaya kwana nawa zai kai.

6. A gaya masa gaskiya, da gajerun kalmomi, ko da hoto idan ba ya magana. Uwa tana iya cewa: "Ɗana, masu yin biskit ɗin nan sun daina. Saura fakiti goma. Kullum za ka ci ɗaya, kuma za mu nemi wani tare." A sa alama a kalanda ya riƙa ganin kwanakin da suka rage. Labari mara daɗi da aka sani tun da wuri ya fi sauƙi a gare shi bisa ga abin da ya faɗo ba zato.

7. A rubuta wa kamfani. A 2016 wani uba a Ingila ya nemi taimakon jama'a saboda ɗansa mai galahanga ba ya shan ruwa sai a wani shuɗin kofi da aka daina yi, har ƙishirwa ta taɓa kai shi asibiti. Kamfanin Tommee Tippee ya binciko tsohon mazubin da ake ƙera kofin, ya yi masa guda 500. A 2021 kuma kamfanin Nature's Path a Kanada ya tsara wa wata uwa yadda za ta haɗa a gida wani abincin karin kumallo da ya daina yi, wanda ɗanta ya dogara da shi. Ba kowane kamfani zai yi haka ba, amma wasiƙa ba ta da tsada, kuma aƙalla za a san ko kayan ya tafi ke nan ko zai dawo.

Gina Gada Zuwa Sabon Abinci

Ragowar tsohon kaya jinkiri ne kawai yake sayo wa iyali, sai a yi amfani da jinkirin a gina gada. Wata hanya da masana suke bi ita ce ta sarƙa: a tashi daga abin da mutum yake ci, a matsa zuwa mafi kusa da shi, ana sake siffa guda kawai a kowane mataki.

Da farko a gane abin da yake so a jikin tsohon abincin. Ƙaras-ƙaras ɗinsa ne, ko gishirinsa, ko farinsa, ko siffarsa? Wanda yake son biskit don ƙaras-ƙaras yana iya karɓar wani biskit mai kama da shi, daga nan gasasshen burodi, daga nan cincin, daga nan ƙuli-ƙuli. Wanda yake son kunu don santsinsa yana iya tafiya daga koko da aka tace sosai zuwa kunun gyaɗa, zuwa fura da aka dama ba gudaji.

A ajiye sabon abincin a ƙaramin faranti dabam, kada ya taɓa na da. Loma guda ta isa. Matakan karɓa suna da yawa: ya yarda a ajiye shi kusa da shi, ya duba, ya taɓa, ya sansana, ya lasa, ya gatsa ya tofar, sa'an nan ya haɗiye. Kowane ɗaya ci gaba ne, a yaba masa a hankali ba da hayaniya ba. Yaron da ba shi da wata larura yakan bukaci a gabatar masa da sabon abinci sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa. Mai galahanga yana iya bukatar fiye da haka nesa, makonni ko watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan abincin mai gaurayuwa ne, kamar madara ko gari ko shinkafa, ana iya haɗa kashi 9 na tsoho da kashi 1 na sabo, a riƙa ƙarawa bayan 'yan kwanaki. Sharaɗi shi ne a yi da saninsa, a kuma bar masa wani kason tsohon wanda ba a taɓa ba. Sauran abubuwa kuwa a bar su yadda suke: kwano ɗaya, cokali ɗaya, wurin zama ɗaya, lokaci ɗaya. Idan hayaniyar cin abinci a tire guda tana damunsa, a zuba masa nasa dabam. Wannan ba wariya ba ce.

Abubuwan Da Za A Guje Wa

Ɗura. Danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu yana iya tura abinci cikin huhu, ya kawo ciwon huhu ko mutuwa, yana kuma dasa tsoron abinci na shekaru.

Duka da tsawa da gori. Fargaba ce take hana shi ci, ƙara masa fargaba kuwa ƙara nisanta shi da abinci ne.

Yaudara. Zuba sabon abu cikin tsohon kwali, ko ɓoye magani ko ganye cikin amintaccen abinci, dabara ce mai tsada. Yawanci sukan gane a lomar farko, kuma wanda ya gane yana iya barin wannan abincin har abada, ya daina yarda da hannun da ya ba shi. An so ƙara ɗaya, an rasa biyu.

Hana shi abinci don ya saduda, ko mai da amintaccen abincinsa lada da horo.

Cire masa alkama ko madara bisa jin cewa hakan yana warkar da galahanga. Bincike bai tabbatar da haka ba, kuma rage cimar wanda cimarsa ta riga ta yi kaɗan haɗari ne. Sai likita ya tabbatar da wata larura dabam za a yi haka.

Manya Masu Galahanga

Wannan hali ba ya ƙarewa da ƙuruciya. Akwai ɗalibai da ma'aikata da matan aure da suke fama da shi a ɓoye saboda kunya. Ɗalibin da ya tafi makarantar kwana, ko mai bautar ƙasa da aka tura jihar da ba a san abincinsa ba, ko amaryar da ta tare a gidan da girkinsu daban ne, duk suna iya rasa amintaccen abincinsu dare ɗaya.

Abin da ya taimaki da yawa daga cikinsu shi ne su rubuta jerin abincin da suke iya ci, da na kusa da su waɗanda za su iya jurewa idan ta ɓaci. Su koyi dafa biyu ko uku da hannunsu, da ma'auni tsayayye, domin abin da mutum ya iya haɗawa da kansa babu kamfanin da zai janye shi. Su sa wa kansu lokutan ci da sha da agogo maimakon jiran yunwa. Su gwada sabon abu ranar da hankalinsu yake kwance, su kaɗai, ba a gidan biki ba. Baƙin cikin rasa abincin da aka shekara goma ana ci ba abin kunya ba ne. Ga dangi da abokan aiki kuwa, baƙon da ya ce ya ƙoshi a ƙyale shi. Matsa masa da sunan karamci cutarwa ce.

Rigakafi Ya Fi Magani

Lokacin da ya fi dacewa a faɗaɗa cimar mai galahanga shi ne lokacin da kome yake lafiya. A yi ƙoƙari kowane amintaccen abinci ya sami mataimaki: burodin gidaje biyu, madara iri biyu, shinkafa iri biyu. Ga ƙaramin yaro, a saba juye abinci daga kwali zuwa kwanon gida tun farko, a gabansa, domin amincewarsa ta rataya ga abincin fiye da takardar. A sa aƙalla abinci ɗaya na gida cikin jerin, a rubuta yadda ake yin sa dalla-dalla, mutum biyu ko uku a gidan su iya shi, saboda ranar da uwa za ta yi tafiya, ko ta haihu, ko ta kwanta ciwo. A riƙa auna nauyi da tsawon yaro a asibiti a kai a kai, kuma yara 'yan wata 6 zuwa 59 su karɓi ɗigon bitamin A da ake bayarwa kowane wata shida.

Nauyin Da Ke Kan Sauran Jama'a

Malamai da shugabannin makarantu su ƙyale yaron ya zo da abincinsa, su hana tsaransa yi masa ba'a, su sanar da iyaye ranar da bai ci ba. Mai kanti da ya san yana da irin wannan abokin ciniki ya sanar da iyalin da zarar ya ji kaya zai yanke, ya keɓe musu abin da ya rage bisa farashin gaskiya. Kamfanoni su bayyana a jikin kwali idan sun sake haɗi, su kuma amsa wasiƙun iyaye. Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta haramta wariya saboda nakasa, a ƙarƙashinta kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu a 2020. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara, tun daga 2008, domin wayar da kai game da wannan larura.

Lokacin Zuwa Asibiti

A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya ƙi shan kome yini guda, ko ƙasa da haka ga ƙaramin yaro ko lokacin zafi, ya yi wajen awa 8 bai yi fitsari ba, idanu sun faɗa, baki ya bushe, jiki ya saki, ƙafafu sun kumbura, dasashi yana jini, ba ya gani da dare, yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya ci, ko yana ramewa. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, idan ma'aunin damtse ya nuna ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani.

A fara da asibiti mafi kusa. Domin bincike mai zurfi akwai sassan kula da yara a asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jos, Sakkwato, Maiduguri da Ibadan, da kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna, Kware, Maiduguri, Yaba, Aro, Benin, Inugu da Kalaba. A tafi da jerin abin da ya ci da abin da ya sha cikin kwana uku, da kwalin tsohon abincin. A tambayi likita ko akwai bukatar gwajin jini da ƙarin bitamin, da kuma siffar da zai fi karɓa, ruwa ko gari ko ƙwaya.

Kammalawa

Abin da mai galahanga ya rasa ranar da abincinsa ya ɓace shi ne tabbacin cewa abin da zai sa a baki ba zai cuce shi ba. Wannan tabbaci ana mai da shi ne da gaskiya, da haƙuri, da ƙananan matakai. Ana kira ga iyaye su tsare ruwa da lafiya tun ranar farko, su nemi asibiti da wuri, su fara neman mataimakin kowane abinci tun yau da yake kasuwa. Ana kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.